Ƙanƙara ta toshe bakin rufi, wa zai biya gyara?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka, don Allah ina neman shawara.

A Minnesota muke, muna biyan ƙungiyar masu gidajen unguwarmu kuɗin wata, ita ke kula da rufi. Bana ƙanƙara ta daskare a bakin rufinmu, ruwan da ya narke ya rasa hanya, ya dawo ciki. Silin ɗakin yara ya jiƙe, sai da bokiti muke kwana.

Ƙungiya ta ce rufi nata ne, amma ɓarnar ciki inshorata ta HO-6, wato inshorar da ke kare cikin gidana, ita za ta biya. Kamfanin inshora kuma ya ce a fara da inshorar ƙungiya. Sati uku ke nan ana ta yawo da ni, ga yara na tari. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ta ina ya ɓullo?