Don Allah a ba ni shawara: bel ɗin taimin kaɗai zan canza ko har da sauran tarkacen?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu sanin mota ku taimaka min, kaina ya kulle. Honda Accord ce ƙirar 2005. Asali ta yayana ce, shi ma ta hannu ya saya, ya daɗe yana hawa. Da ya samu canjin aiki sai ya ce ba zai sayar wa bare ba, in kawo abin da ya sawwaƙa, sauran in riƙa biya a hankali. Har yau ban gama biya ba. Shi ya sa ba na son in tunkare shi da maganar gyara, kada ya ga kamar ina cewa matsala ya sayar min, alhali taimakona ya yi. Matarsa ma tun farko ba ta so ya ba ni ba, ta fi son a kai wa dillalai, to kun san abin da zai biyo baya idan na buɗe baki.

Kwanan nan idan na tayar da ita da safe sai in ji ƙara kaf-kaf-kaf daga gefen injin, wajen da fanbel yake. In ta yi ɗumi sai ƙarar ta lafa. Bakanike na farko ya ce taimin ne, kuma sai an canza bel, famfon ruwa, tenshina (mai ɗame bel ɗin), fuli biyu da sil (robar da take hana mai yoyo). Lissafin da ya buga min ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Na biyu ya ce duk cin kuɗi ne, bel kawai za a sa. Na riga na sayi bel ɗin. Ranar Asabar ina da doguwar tafiya da iyali, kuma ba ta ɗaguwa. Wanne zan bi?

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Malam, dukansu biyun sun yi maka wayo. Accord daga 2003 zuwa sama ba ta da bel, sarƙa gare ta, taimin cen. Tawa 2006 ce, ban taɓa buɗe wurin ba. Mayar da bel ɗin nan ka karɓi kuɗinka.

Tsohon Bakanike:
Direba, dakata tukuna, kada ka jefa bawan Allah a rami. Malam mai tambaya, ka ba mu labarin matar yayanka kaf, amma ba ka faɗa mana injin ba. Fulogi huɗu ne ko shida? Mita nawa ta nuna? Accord ta waɗannan shekarun, irin ta kasuwar Amurka, inji biyu gare ta. Mai fulogi huɗu, 2.4, wanda ake kira K24, shi ne mai sarƙa. Mai fulogi shida, 3.0, wato J30, bel ne da shi. Amsa min wannan kafin kowa ya ƙara magana.

Mai Tambaya:
Yallaɓai, fulogi shida ne. Mita tana nuna 141,000 da 'yan kai, ban dai san mil ba ne ko kilomita. Amma wallahi motar lafiyarta ƙalau, ba ta shan baƙin mai, ba ta obahitin, gudu kuwa ba a magana.

Tsohon Bakanike:
To bel ne. Duba agogon gudu, idan manyan lambobin mph ne, to mil take ƙirgawa. Littafin motar nan ya ce a canza bel a mil 105,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Idan kuma ana yawan tuƙa ta a zafin da ya haura digiri 43, sun rage shi zuwa mil 60,000. Ka ga idan ba a taɓa canzawa ba, ka wuce da nisa. Idan an taɓa, sai a san yaushe, domin roba tana tsufa ko da mota a ajiye take.

Batun "lafiyarta ƙalau" kuma, haka kowa yake faɗa. Bel ɗin taimin ba ya rage wa mota gudu kafin ya tsinke. Aikinsa shi ne ya haɗa kiranshaf, sandar da fistin yake juyawa, da kamshaf, sandar da take buɗe bawul, kiranshaf ya juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya, don bawul ya buɗe ya rufe daidai lokacin da fistin ya ba shi wuri. A injinka, wurin da bawul yake sauka in ya buɗe, nan ne fistin yake isowa in ya hau. Lokaci ne kawai ya raba su. Kana kan titi inji yana juyi 3,000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa ɗaya, bel ya tsinke, kamshaf ya tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin bai san an yi ba, sai ya zo ya nausa. Bawul 24 ne a injin nan, kuma tof, wato kan injin inda bawul suke, biyu gare shi. Daga nan maganar sauke tof ake yi, gasket, sabbin bawul, wani lokaci har fistin. Bi bakanike na farko, an gama.

Mai Camry:
Oga, ana dai tsorata mutane. Ni nawa ya tsinke ina cikin tafiya, motar ta mutu kawai, na gangara gefe. Aka ja ta, aka sa sabon bel, ta tashi kamar ba a yi komai ba. Babu bawul ɗin da ya lanƙwashe. Malam yi tafiyarka, in ka dawo ka gyara a tsanake.

Tsohon Bakanike:
Camry ɗinka mai 2.2 ce, ko ba haka ba? Injin 5S-FE. Shi an bar tazara tsakanin fistin da bawul, ko bel ya tsinke ba sa haɗuwa. Sa'ar ƙirar inji ka ci, ba gwaninta ba. Kada ka auna masa da mudunka.

Mai Camry:
2.2 ce. Amma dai ba sai ka yi min faɗa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ɗan'uwa, ni abin da ya same ni zan faɗa maka. Bel kaɗai aka canza min, na tambayi mutumin da bakina ko akwai wani abin da ya kamata a haɗa, ya ce Hajiya bar mana aikinmu. Ba a daɗe ba famfon ruwa ya fara yoyo, ruwan lagireto yana zuba a kan sabon bel ɗin. Aka sake kwance duk abin da aka kwance, na sake biyan kuɗin aiki, na sake sayen wani bel ɗin don wancan ya jiƙe. Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne. Idan mace ta kai mota gareji, ko tambaya ta yi sai a riƙa yi mata kallon ba ta san komai ba. Ranar da na koma da ƙanena, shi da ko tuƙi bai iya ba, shi ake yi wa bayani ni ina tsaye, ni mai motar, ni mai biya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tsohon Bakanike:
Hajiya ta gama magana. A injin nan bel ɗin taimin ne yake juya famfon ruwa, yana can ciki bayan murfi. Kafin ka isa wurin sai ka cire taya, ka cire fanbel, ka tallafe inji ka kwance mawuntin na gefe, ka kwance kusar fulin kiranshaf wadda taurinta sai wanda ya gwada. Wahalar duk a buɗewa take. Wa zai buɗe ya bar tsohon famfo a ciki?

Ɗan Dizal:
Duk wannan rigimar ta masu ƙananan motoci ce. Manyan injinan dizal irin Cummins 6BT haƙoran ƙarfe ne suke cizon juna, babu bel babu sarƙa, sai dai inji ya tsufa ya bar su. Tsohuwar Hilux ma da take da bel, an sa mata fitila a dashbod mai rubutun T-BELT, in lokaci ya yi ta kama. Yanzu kuwa ci gaban da aka samu shi ne a tsoma bel ɗin roba cikin baƙin mai, kamar a wasu injinan Ford EcoBoost 1.0 da PureTech 1.2 na Peugeot. In robar ta fara marmashewa sai ta toshe matatar famfon mai. Ni dai ban ga ranar da zan sayi irin wannan ba.

Direban Dare:
Shi ya sa na ce sarƙa ta fi. Malam da ka sani ka nemi mai fulogi huɗu, ka huta har abada.

Tsohon Bakanike:
Babu har abada a inji. Sarƙa a cikin baƙin mai take rayuwa. Ka riƙa jinkirta juye ko ka bar mai ya yi ƙasa, sai mahaɗanta su cinye ta ƙara tsawo, robobin da take bi ta kansu su goge, ta fara ƙarar kacau-kacau da safe, fitilar cek ta kama. In ta tsallake haƙori, ɓarnar iri ɗaya ce, kuma aikinta ya fi na bel yawa. Kai da ka ce ba ka taɓa buɗewa ba, je ka duba gejin mai.

Mai Tambaya:
Na gode muku duka. Amma ku fahimce ni. Bakanike na biyun nan ba yaro ba ne, abokin aikina ya haɗa ni da shi, kuma ya buɗe murfin sama a gabana ya haska min bel ɗin. Babu tsagewa ko ɗaya, har rubutun jikinsa ana ɗan gani. Shi ya sa na ga idan tsohon ma bai lalace ba, to sauran kayan ina dalilin taɓa su? Bel ɗin da na saya kuma orijina ne, mai kayan ya rantse min. Ba wai na ƙi shawara ba ne, abin da aljihuna zai ɗauka nake dubawa.

Tsohon Bakanike:
Malam, kai da bakinka ka kashe maganarka. In bel ɗin lafiya yake, to me yake ƙara? Bel ba ya kaf-kaf. Abin da ya saba yin wannan ƙarar a injin nan da safe, ta lafa in ya yi ɗumi, tenshina ce. Mai ne a cikinta, shi yake tura sandar da take ɗame bel. In man ya tsiyaye sai ta saki, fulin ya riƙa bugawa, bel ya yi sako-sako. Ka sa sabon bel a kan matacciyar tenshina, ƙarar tana nan, haɗarin yana nan, ka kuma biya kuɗin aiki a banza. Kallon bayan bel kuwa ba ya nuna komai. Zaren da yake ciki ne yake gajiya, haƙoran kuma daga gindi suke gutsurewa. In kuɗi ne matsala, sil ɗin da ba ya yoyo za a iya bari. Tenshina da fuli biyu ba a barin su. Akwai kit na Aisin ko Gates da yake zuwa da kayan a kwali ɗaya, ya fi sayen ɗai-ɗai. Rantsuwar mai kaya kuma ba ta hana jabu zama jabu.

Injiniya Ƙarami:
Da izinin Oga, ni ina ganin an yi saurin yanke hukunci. Babu wanda ya ji ƙarar nan a cikinmu. Fanbel ma yana da tasa tenshinar a waje, ga altaneta, ga kwamfiresan AC, duk a gefe ɗaya suke. Gwajin mai sauƙi ne: da safe kafin inji ya yi ɗumi a cire fanbel, a tayar na ɗan lokaci kaɗan. In ƙarar ta ɓace, a waje take. In tana nan, to Oga ya yi gaskiya.

Mai Tambaya:
Yawwa Injiniya, Allah ya saka da alheri. Ni ma jikina yana ba ni daga waje take.

Injiniya Ƙarami:
Ban ce daga waje take ba fa, cewa na yi a gwada. Kuma ko daga waje take, maganar shekarun bel ɗin tana nan.

Maman 'Yan Biyu:
Ni abin da ya ɗaure min kai, me zai hana ka kira yayanka ka tambaye shi ko ya taɓa canzawa? Tambaya ce fa, ba ƙara ba. Ko ka duba cikin bonet da jikin murfin taimin, wasu makanikai suna liƙa sitika ko su rubuta mitar da aka yi aikin.

Mai Tambaya:
Hajiya, ba ki san gidanmu ba ne. Kiran nan kaɗai zai iya zama magana har wajen mahaifiyarmu. Sitika kuwa na duba, akwai wata amma rubutun ya goge. Yayana mutum ne mai kula da abin hawansa, ba na jin zai bar abu irin wannan.

Tsohon Bakanike:
"Ba na jin" ba mita ba ce. To ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa. Ya saita alamar kiranshaf da ta kamshaf biyun kafin ya cire tsohon. In ya ɗora sabo, ya juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, ya sake duba alamomin uku kafin a taɓa makulli. Haƙori ɗaya in ya goce za ka ji mota ta mutu a jiki tana shan mai. Kuma kada a yi aikin nan ranar Juma'a da yamma ka ɗebi iyali Asabar da asuba.

Mai Tambaya:
Ranar Juma'ar ce kaɗai nake da sarari, Yallaɓai. Na yi magana da na biyun, ya ce in kawo ta da wuri, in ya buɗe zai duba tenshinar, in ta yi rauni zai matse ta ya mayar, wai yana yi wa mutane haka.

Tsohon Bakanike:
Matsewa don a samu a mayar da ita wurinta ne, ba ta dawo da man da ya zube. Sabuwa za ka saya ko a'a?

Mai Camry:
Ku bar shi ya yi tafiyarsa mana.

Sabon Shiga:
Salam, afuwan na shigo tsakiyar magana. Corolla 2007 mai 1.8 bel ce ko sarƙa? Tawa ma tana wata 'yar ƙara da safe.