Shin da gaske ne hukumar leƙen asirin Amurka ta sa hannu a safarar hodar iblis?

Ɗalibar Samaru ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai wani faifan bidiyo da yake ta yawo a WhatsApp a tsakanin ɗaliban Samaru, wanda a cikinsa wani Bature, da aka ce tsohon ɗan sanda ne, ya miƙe a tsakiyar taro yana gaya wa shugaban hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ido da ido, cewa hukumarsa ta daɗe tana safarar miyagun ƙwayoyi. Ɗalibai sun rabu gida biyu a kansa. Wasu sun rantse cewa gwamnatin Amurka ce da kanta ta shigar da hodar iblis unguwannin baƙar fata domin ta halaka su, wasu kuma suna cewa tatsuniya ce irin ta masu ganin makirci a cikin komai. Ina roƙon masana su fayyace mana abin da bincike ya tabbatar a cikin wannan zargi, da kuma abin da ya sami mutanen da suka fito suka fallasa.

Malam Na-Kongo ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Bidiyon na gaske ne. An ɗauke shi a watan Nuwamba na 1996 a wata makarantar sakandare da ke kudancin birnin Los Anjalis, shugaban CIA na lokacin shi ne John Deutch, mai maganar kuma Michael Ruppert, wanda ya taɓa aiki a sashen yaƙi da ƙwayoyi na 'yan sandan birnin. Sai dai miƙewar mutum a taro ba ta tabbatar da komai, don haka bari mu koma inda maganar ta samo asali.

A 1979 ƙungiyar Sandinista ta kifar da mulkin gidan Somoza a Nikaragwa, kuma da Ronald Reagan ya hau mulki a 1981 sai gwamnatinsa ta ɗauki nauyin 'yan tawayen Kontra domin su yaƙi sabuwar gwamnatin, wadda Washinton take kallo a matsayin 'yar koren Kuba da Tarayyar Sobiyet. Majalisar dokokin Amurka ba ta gamsu da yaƙin ba, ta taƙaita tallafin a 1982, sannan a 1984 ta hana CIA da ma'aikatar tsaro kashe kuɗi a kansa. Daga nan aiki ya koma bayan fage. Oliver North, wani hafsan soja da ke aiki a majalisar tsaron ƙasa ta fadar shugaban, ya haɗa nasa layin jigilar makamai da jiragen haya da matuƙan haya, har da kuɗin makaman da aka sayar wa Iran a ɓoye. Asiri ya fara tonuwa a Oktoba 1986, sa'ad da sojojin Nikaragwa suka harbo wani jirgin kaya suka kama Eugene Hasenfus, wani Ba'amurke da ke cikin jirgin mai kai wa 'yan Kontra makamai, da rai.

Ƙwaya ta shigo ne ta ƙofar jigila. Wanda yake son a tsallaka masa da kaya ta ɓarauniyar hanya cikin dare ba zai sami direba a tashar Kwangila ba, dole sai ya nemi 'yan fasa-ƙwauri, kuma a Amurka ta Tsakiya ta wancan zamani masu ƙananan jirage da filayen sauka a daji da matuƙan da ba sa tambayar abin da ke cikin buhu, da yawansu 'yan jigilar hodar Kolombiya ne. Tun a Disamba 1985 'yan jarida biyu na kamfanin dillancin labarai na AP, Robert Parry da Brian Barger, suka ba da labarin cewa wasu rukunonin Kontra suna da hannu a wannan fatauci. Sanata John Kerry ya jagoranci wani ƙaramin kwamitin Majalisar Dattawa da ya bi diddigin batun, kuma rahotonsa na Afrilu 1989 ya gano cewa masu safarar ƙwaya sun yi amfani da layin jigilar 'yan Kontra, cewa wasu 'yan Kontra sun karɓi kuɗi da kaya daga hannunsu suna sane, kuma cewa jami'an Amurka suna da labarin hakan. Abin da ya fi ba ni mamaki a rahoton shi ne cewa ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta biya fiye da dala 806,000 ga kamfanoni huɗu mallakar masu safarar ƙwaya, domin su kai wa 'yan tawayen kayan agaji.

A 1998 kuma babban mai binciken cikin gida na CIA, Frederick Hitz, ya fitar da rahoto kashi biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a Oktoba. Ya ce bai sami hujjar cewa hukumar ko ma'aikatanta sun ƙulla makircin shigo da ƙwaya Amurka ba, amma ya amsa cewa ta ci gaba da aiki da mutane da kamfanoni da dama da ake zargi da safara, bayan zargin ya iso teburinta.

Lauyan Tudun Wada ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ina so in tsaya a kan wata takarda ɗaya, domin a ganina ita ce ta fi duk shaidun baki nauyi. A 1982 babban lauyan gwamnatin Amurka, William French Smith, da shugaban CIA, William Casey, sun rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta fayyace laifuffukan da ya wajaba hukumar ta kai rahotonsu ga ma'aikatar shari'a. A jerin laifuffukan mutanen da hukumar take amfani da su amma ba ma'aikatanta ba ne, wato 'yan rahoto da matuƙa da 'yan kwangila, ba a sa safarar ƙwayoyi ba, kuma haka abin ya zauna har 1995. Don haka idan mai bincike ya zo bayan shekaru goma sha biyar ya ce ya duba fayil bai ga an kai ƙarar kowa ba, sai a tuna cewa tun farko ba a ɗora wa kowa nauyin rubuta ƙarar ba.

Game da masu fallasa, ƙanwata, kada ki ɗauke su duka a kwano ɗaya. Celerino Castillo jami'i ne na hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta Amurka, DEA, wanda ya yi aiki a Amurka ta Tsakiya a tsakiyar shekarun 1980, kuma ya ce ya aika wa shugabanninsa rahotanni cewa ana loda hodar iblis a rumfunan jirage na filin Ilopango a ƙasar Salbado, inda 'yan jigilar Kontra suke sauka, amma aka toshe binciken. Wannan mutum ne da ya faɗi abin da ya ce ya tattara a bakin aikinsa, ko da yake binciken ma'aikatar shari'a bai amince da dukan abin da ya faɗa ba. Shi kuwa Danilo Blandón, ɗan Nikaragwa, dillalin hoda ne da ya shaida a kotu cewa a farkon shekarun 1980 yana tura ribar cinikinsa ga 'yan Kontra. An kama shi a 1992, ya yi zaman kurkuku da bai kai shekara uku ba, ya fito ya zama ɗan rahoton DEA mai karɓar kuɗi, sannan ya ba da shaida a kan babban abokin cinikinsa na Los Anjalis, Rick Ross, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 1996 kafin daga baya a rage masa. Kowane lauya zai yi taka-tsantsan da shaidar wanda ya sayi 'yancinsa da bakinsa. Amma sassaucin da Blandón ya samu, idan aka kwatanta da hukuncin wanda yake sayen kaya a hannunsa, abu ne da ke rubuce a kundin kotu.

Tsohon Ɗan Jarida, Tukur-Tukur, ya amsa:

Barista ya ambaci Blandón da Ross, to sai in ƙara da mutumin da ya haɗa labarinsu. Gary Webb ɗan jarida ne na jaridar San Jose Mercury News a jihar Kalifoniya, kuma a Agusta 1996 ya buga rahoto kashi uku da ya bi sawun hodar daga Norwin Meneses, wani babban dillalin hoda ɗan Nikaragwa, da Blandón zuwa Ross, daga Ross zuwa titunan unguwannin baƙar fata. Jaridar ta sa shi a intanet tare da takardun kotu, abin da ba a saba ba a lokacin, shi ya sa ya bazu har shugaban CIA ya je wancan taro.

A matsayina na wanda ya ci abinci da alƙalami, ina ganin Webb ya ja zaren fiye da tsawonsa a wurare biyu. Ya nuna kamar wannan gungu ɗaya ne ya buɗe ƙofar annobar kirak, wato hodar da ake dafawa ta dunƙule a sha ta da hayaƙi, alhali ta ɓulla a birane da yawa ta hanyoyi da yawa, kuma adadin kuɗin da ya ce sun isa ga 'yan Kontra ya fi abin da takardunsa suka iya ɗauka. Su ma editocinsa sun ƙara gishiri da hoton mai shan kirak a kan tambarin CIA. Amma abin da manyan jaridu uku suka yi, wato Washington Post da New York Times da Los Angeles Times, ya fi wannan muni, domin sun zuba ƙarfinsu wajen tsefe kurakuran abokin sana'arsu, ba wajen bin sawun hukumar ba. A Mayu 1997 editansa, Jerry Ceppos, ya rubuta cewa rahoton yana da giɓi, aka mayar da Webb wani ƙaramin ofishi nesa da iyalinsa, ya ajiye aiki kafin ƙarshen shekarar. Lokacin da kashi na biyu na rahoton Hitz ya fito, hankalin jaridun yana kan abin kunyar Shugaba Clinton. An tsinci gawar Webb a gidansa a Disamba 2004 da harbin bindiga biyu, mai binciken gawa ya ce shi ya kashe kansa, kuma har yau akwai masu jayayya da hakan, ko da yake iyalinsa sun yarda da sakamakon.

Mu nan gida muna da namu. An kama Gloria Okon a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a 1985 bisa zargin safarar ƙwaya, aka sanar da mutuwarta a tsare, sannan a ranar 19 ga Oktoba 1986 bam ɗin da aka aika cikin ambulan ya kashe Dele Giwa na mujallar Newswatch a Ikeja. Jama'a sun daɗe suna ɗaure waɗannan biyun da igiya ɗaya, amma babu kotun da ta tabbatar da alaƙar, kuma ba a hukunta kowa a kan kisan ba. Tsarin kwarmata bayanai da ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta fito da shi a Disamba 2016 ya fi karkata ga kuɗin sata da ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari, ba ga jami'in da ya ga ƙwaya a motar ofis ba.

Mai Kemis a Sabon Gari ya amsa:

Ina girmama Malam da Barista da Baba ɗan jarida, amma ban yarda da wannan bambanci da ake ta yi tsakanin sa hannu da kau da kai ba. A kantina uwa takan zo da fankon taramol da ta ciro daga aljihun wandon ɗanta lokacin wanki, ta ajiye a kan kanta, ta rage murya ta tambaye ni ko maganin mene ne. Wannan uwa ba ruwanta da ko jami'in da ke bakin iyaka shi ya ɗauko katan ɗin ko kuwa juya baya kawai ya yi.

Kuma akwai inda abin ya wuce kau da kai. A 1990 wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin CIA da rundunar tsaron ƙasa ta Benezuwela ya bar kusan tan ɗaya na hodar iblis ya shiga Amurka, da sunan dabarar kutsawa cikin gungun 'yan Kolombiya, kuma hodar ta ƙare a kasuwa. Robert Bonner, wanda ya shugabanci DEA, shi ya faɗi haka a talabijin a 1993, CIA ta amsa cewa an yi kuskure, daga baya kotu a Miyami ta tuhumi Janar Ramón Guillén Dávila na wannan runduna ta Benezuwela. Manuel Noriega, shugaban mulkin sojan Fanama, ya shekara da shekaru yana karɓar kuɗin CIA kafin Amurka ta tuhume shi a 1988, ta mamaye ƙasarsa a Disamba 1989, a same shi da laifin safara a 1992. A tsakiyar wannan duka, dokar da Amurka ta yi a 1986 ta sa wanda aka kama da giram 5 na kirak ya sha ɗaurin shekara biyar daidai da mai giram 500 na garin hoda, kuma 'ya'yan baƙar fata ne suka cika kurkuku da ita, har sai da aka rage tazarar a 2010.

Ɗalibar Samaru ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya, Malam: maganar cewa da gangan aka nufi baƙar fata, tana da tushe ko babu?

Malam Na-Kongo ya amsa:

Babu ɗaya daga cikin binciken nan, na Kerry ko na Hitz ko na Michael Bromwich na ma'aikatar shari'a, da ya sami umarni ko shiri na auna baƙar fata, kuma shi kansa Webb bai rubuta haka ba. Amma kada ki yi wa waɗanda suka gaskata dariya, domin al'umma ce da hukumar lafiya ta gwamnatinta ta bar ɗaruruwan mazajenta da ciwon tunjere ba magani a garin Tuskegee na jihar Alabama daga 1932 zuwa 1972, don kawai a ga yadda cutar take cin jiki. Abin da takardu suka nuna shi ne jami'ai sun fifita yaƙin Nikaragwa a kan tambayar inda hodar take sauka, kuma a nan ina kusa da ra'ayin Alhaji mai kemis fiye da yadda yake zato. Idan za ki kai maganar aji, ki tsaya a kan abin da Hitz ya faɗa da bakinsa gaban kwamitin leƙen asiri na Majalisar Wakilai a Maris 1998, cewa akwai lokutan da hukumar ba ta yanke hulɗa da waɗanda ake zargi da safara cikin hanzari ko bisa tsari ɗaya ba, kuma ba ta ɗauki matakin bincika zargin ba.