Jelin rasberi mai kumfa ya ƙi daskarewa, dan Allah ku taimaka min kafin Asabar

Amaryar Bara: Assalamu alaikum mutanen gidan nan, ya gida ya yara ya zafin da ya fara. Dan Allah shawara nake nema kuma ta gaggawa ce, ranar Asabar dangin maigida za su zo mana yini, su Hajiya da ƙannensa mata da faccalata, ita kuwa wannan duk zuwan da za mu yi gidanta sai ta fito da wani sabon abu a yi ta santi, shine nima nace wannan karon sai na fidda kaina kunya. Wani bidiyo na gani na wata baturiya ta yi jeli a kofin gilashi, ja garau kana hango 'ya'yan rasberi a ciki, ga ƙananan kumfa sun tsaya cak a tsakiya kamar an ɗauki hoton lemo yana tsaka da tashi. Matsalar ita da giyar nan mai gas ta yi, shampen. Ni kuma sau biyu ina gwadawa da nawa kayan. Na farko da zoɓo na yi, na markaɗa abarba da ɗanyar citta na tace a ciki kamar yadda na saba, na zuba garin jelatin, ya kwana a firij da safe na tarar da shi tsululu kamar yadda na sa shi. Na biyu na sayi lemon inabin nan mai gas na kwalba, na juye duka a tukunya na ɗora a wuta da jelatin ɗin, wannan ya kama amma ko ɗigon kumfa babu, rasberin kuma duk suka taso sama suka yi jagwab. Wata ƙawata tace wai ko da shampen ɗin na yi in dai na tafasa giyar tana fita, ni dai hankalina bai kwanta ba. Sannan shi kansa jelatin ɗin an fara tsorata ni wai da alade ake yi. Rasberin ma ɗan mitsitsin roba kuɗinsa sai da na riƙe baki, saura roba ɗaya a firiza bana son in sake asara. Ina na kuskure?

Maman Biyu: Wa alaikumussalam amarya. Na farkon dai ba laifin hannunki bane, abarba da cittar nan ne suka cuce ki. Ɗanyar abarba akwai wani sinadari a cikinta mai narka nama, shi yasa in kin sha da yawa harshenki yake miki zafi, shi kuma jelatin daga fata da ƙashin dabba ake ciro shi, kinga kenan abincinsa kika bashi. Ko sati zai yi a firij ba zai kama ba. Haka gwanda, haka ɗanyar citta, haka kiwi. Baki ga masu dafa nama mai tauri suna jefa ɗanyar gwanda ba? to aikin ɗaya ne. In dole sai kin sa su ki tafasa ruwan sosai kamar minti 5 ya huce tukun, wuta tana kashe abin.

Anti Mai Kek: Maman Biyu ta gama magana akan na farko. Na biyun kuma ƙanwata ke da kanki kika kori kumfar, wa ya ce miki ana dafa lemo mai gas hhhh. Gas sanyi yake so, ki lura in kin buɗe lemo mai zafi yadda yake fuuu ya zube a ƙasa ya salance, mai sanyi kuwa sai ya daɗe yana cizon harshe. Bari in baki yadda nake yi wa masu oda.

Kwalbar nan babba mil 750 ce, irin su Chamdor ko Eva ko Pure Heaven, ki ɗauki fari ko ruwan hoda, jan inabin yana yin duhu ba a hango 'ya'yan. Tun daren Alhamis ki sa ta a firij ta yi sanyi ƙarara amma kar ta yi ƙanƙara. Garin jelatin giram 14, in babu sikeli cokalin shayi 5 a shafe banda tozo. Asali giram 7 yana ɗaure rabin lita, na ɗan ƙara miki ne saboda garinmu ba Landan bane. Ki barbaɗa shi akan ruwan sanyi cokalin cin abinci 5, barbaɗawa fa, kar ki juye shi tuli guda, ki barshi minti 10 zai kumbura ya zama kamar soso. Sai ki tsiyayi kamar mil 150 kawai daga kwalbar ki maida murfi ki mayar firij da sauri. Wannan kaɗan ɗin shi za ki ɗora a wuta da suga cokali 2 da rasberi kamar guda 10, su fashe su bada kala, ki tace da rariya mai laushi kar ki matse da cokali in ba haka ba zai yi duhu-duhu. Ki sauke daga wuta sannan ki saka jelatin ɗin ki juya har ki daina ganin ƙwaya ko ɗaya a bayan cokali. Kar ya tafasa da jelatin a ciki, ƙarfinsa raguwa yake.

Nan ne wajen haƙurin. Ki barshi ya huce har in kin sa yatsa ba za ki ji ɗumi ba amma bai fara kauri ba. Ki fara zuba masa lemon mai sanyi kamar rabin kofi ki juya, don in kika kwara duka lokaci ɗaya jelatin ɗin zai firgita ya yi zare-zare kamar taliya. Sauran sai ki karkata kwanon ki dinga zubawa ta gefe a hankali, juyi biyu uku da cokali ya isa. Kofunan kuma dama suna firiza tun minti 20 da suka wuce. Zai baki kofi 6 madaidaita.

Amaryar Bara: Anti Allah ya saka da alheri ya bar zumunci, wlh har na kwafa a littafi. To kumfar da take taruwa a sama fa, da rasberin da suke tasowa?

Anti Mai Kek: Ta saman ki kwashe da cokali kafin ki sa a sanyi. Kina zubawa a kofi ki tura firiza minti 15 zuwa 20, so ake ya kama da wuri kafin gas ɗin ya gudu, sai ki dawo da su firij awa 4 ko su kwana. Ki sa ƙararrawa a waya dan Allah, in ya yi ƙanƙara ya narke ruwa zai dinga tsatsafowa kuma ya tashi daga aiki. Rasberin kuma lokacin da za ki fito da su daga firiza jelin ya yi kauri kamar farin ɗanyen ƙwai, sai ki sa tsinken tsire ki danna su ƙasa, inda kika ajiye su nan za su zauna. Kar ki narkar da su, a daskarensu za ki jefa, guda 4 ko 5 a kofi.

Ta Ingila: Ni maganar ƙawarki ce ta tsaya min. Amarya kar ki soma. Nan inda muke wannan jelin abin bikin kirsimeti da sabuwar shekara ne, da shampen ɗin Faransa ko furoseko na Italiya suke yi, kuma giyar cikinsu tana kai kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari. Su kansu basa cewa tana fita, shi yasa basa ba yara. Ki duba yadda Anti ta faɗa, kaɗan ake ɗumamawa sauran a sanyi ake zubawa, to ta ina zata fita? Ko dafawar ma ba kamar yadda mutane suke zato bane, ma'aikatar noma ta Amurka tana da jadawali akan haka, abincin da aka zuba wa giya ya yi minti 15 yana dahuwa kusan kashi 40 na giyar yana nan, bayan awa 1 kashi 25, sai an yi awa 2 da rabi ake komawa kashi 5. Sannan wajen sayen kwalba ki karanta da kyau don iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka ɗura wa gas, bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda giya ce aka yi ta sannan aka cire mata barasar, irin wannan sau da yawa za ki ga an rubuta 0.5% a ƙasa da ƙananan rubutu. Kwalaben kamarsu ɗaya, har takardar gwal ɗin wuya. Ni na farkon nake saye hankalina kwance.

Hajiya Babba: Ni dai 'yan nan ban gane ba, duk abincinmu ya ƙare ne sai an kwaikwayi na mashaya? Ga alkaki ga nakiya ga dubulan, ki dama fura da nono mai kyau ki sa a firij ki gani in surukarki bata sa miki albarka ba.

Maman Biyu: Hajiya ayi mana afuwa, ai yaran yanzu sai da abin ɗauka a hoto. Kuma tunda ruwan inabi ne ba komai a ciki. Amma amarya ki ji maganar Hajiya ta wani ɓangaren, ki dama furar ma ki ajiye, tsofaffi ba kowacce ke son abu mai rawa a cokali ba, tawa surukar cewa tayi ita ba za ta ci abin da yake motsi ba.

Malama Ummu: Akan jelatin, gaskiya ne yawancin wanda ake yi a Turai da Amurka daga fatar alade ne, akwai na saniya akwai na kifi. Malamai sun yi saɓani, wasu na ganin ya riga ya canza ya zama wani abu daban, abin da ake kira istihala, wasu kuma basu yarda canjin ya cika ba. Tunda akwai na saniya mai tambarin halal a manyan kantuna da wajen masu kayan kek, me zai kai ki shiga saɓani, ki juya bayan kwalin ki karanta. In an rubuta jelatin kawai ba a faɗi dabbar ba ni ajiyewa nake. Masu sayen na awo a ƙulle a leda ku ce a nuna muku buhun ko gwangwanin da aka ɗebo. Haka garin jeli ja na kwali, wani ana sa masa kala mai lamba E120, daga jikin wani ƙwaro ake samunta, wanda yake ƙyanƙyami sai ya duba.

Yar Zinder: Ni agar nake amfani dashi na huta da duk wannan, daga ciyawar teku ake yinsa, a shagon 'yan Indiya China grass suke ce masa. Baya buƙatar firij ma, a ɗaki yake kamawa kuma rana bata narka shi, abarba ma bata hana shi. Mu da wuta sai ta ga dama ai shine rufin asiri.

Anti Mai Kek: Yar Zinder agar yana da kyau amma ba a wannan aikin ba. Shi dole sai ya tafasa minti 2 zuwa 3 kafin ya narke, kuma tun da sauran ɗuminsa yake fara kamawa, kina zuba masa lemo mai sanyi nan take zai dunƙule ya yi gudaji. In kuma kika ɗumama lemon kin koma gidan jiya, babu gas. Sannan baya yin garau, kuma a baki karyewa yake gatsa-gatsa, shi kuwa jelatin ɗumin baki kaɗai ke narka shi, a nan ne ake jin ɗan cizon gas ɗin a harshe. In jelin zoɓo ko na madara za a kai wajen biki a bari a tire ina bayanki ɗari bisa ɗari.

Yar Zinder: To na ji Anti, amma in aka ɗauke mata wuta daren Juma'a fa?

Anti Mai Kek: Sai a nemi kula a cika ta da ƙanƙara. Ki jera kofunan a roba mai murfi ki nutsa a cikin ƙanƙarar, haka nake kai oda har unguwa mai nisa. Abu ɗaya dai kar a fito dasu sai an gama cin abinci, minti 20 a falo mai zafi sun fara sakin jiki.

Yar Jos: Rasberi kam dole ya yi tsada, ɗan ƙasar sanyi ne, su Rasha da Sabiya da Folan da Meziko ke nomansa da yawa, a jirgi ko a daskare yake iso mana. Amarya in robarki ɗaya bata isa ba ki nemi sitiroberin Jos, a wajen Vom ake nomawa, da sanyin hunturu yake yi yanzu kakarsa ta kusa wucewa amma ana samu. Ki dafa shi a ruwan kalar, rasberin ki adana na cikin kofi kawai inda ido zai gani. Ko ki jefa zoɓo ƙwaya 3 a ruwan da kike ɗumamawa, kalar da zai baki ko rasberin albarka, ga ɗan tsami mai daɗi. Banda citta dai hhh.

Amaryar Bara: Jama'a na dawo da rahoto. Daren Juma'a na yi, na samu jelatin na saniya, kalar da zoɓo na yi kamar yadda Yar Jos tace. Kofi 6, huɗu sun fito da kumfarsu tsaf kamar na bidiyon har na tsaya ina kallo ta hasken waya, biyun ƙarshe kumfar kaɗan ce ina jin don na tsaya amsa waya kwanon yana ajiye. Ɗaya kuma na danna rasberin da wuri ya sake tasowa, wannan maigida na ba. Faccalata ta juya kofin ta sake juyawa sannan tace wai a ina na yi oda. Hajiya ta ɗan lasa a bakin cokali tace sanyi yana taɓa mata haƙori, a miƙo mata furar, kofi biyu ta sha. Anti Mai Kek saura tambaya ɗaya, rabin kwalbar da na buɗe ta biyu tun jiya tana firij da murfinta, zata yi wani ko gas ɗin ya riga ya tafi?

Anti Mai Kek: Ki buɗe kusa da kunnenki, in ta yi tsss da ƙarfi ki yi yau ɗin nan, jelatin giram 7. In shiru ki ba yara su shanye.