Alawar cakulan da gyaɗa a tukunyar lantarki: kowa ta kawo abin da ta sani

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wadda hannunta ya faɗa wajen yin alawar cakulan da gyaɗa a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, irin Crock-Pot, ta taimaka mana da awo da lokaci. A kuma faɗi abin da ke sa ta cure ko ta yi ƙauri, don kayan ba su da arha.

'Yar'uwa mazauniyar Amurka:
Wa alaikumus salam. A nan sana'ar watan Disamba ce, ana yi a cika gwangwanaye a raba wa maƙwabta da Kirsimeti. Awon da aka fi bi: soyayyar gyaɗa giram 900, rabi mai gishiri rabi marar gishiri, farin abin da suke kira almond bark giram 900, ƙananan 'ya'yan cakulan baƙi giram 340, sai sandar cakulan mai zaƙi giram 113. Sunan almond bark kada ya ruɗe ki, man tsirrai ne da sukari da ƙamshin banila.

Gyaɗa ake fara zubawa, baƙin cakulan ya bi, fari a can sama. A murɗa zuwa Low, wato ƙaramin zafi, a rufe, kada a taɓa sai bayan awa ɗaya. Sannan a juya, in da saura a riƙa juyawa duk minti 15 har ya yi sumul. A kashe, a riƙa ɗiba da cokali ana ajiyewa kan takardar gashin kek. Awon nan yana ba da guda 80 ko fiye.

Mai sana'ar kayan maƙulashe, Kaduna:
Anti, awonki daidai ne, amma awa ɗaya ba tare da leƙawa ba ta yi yawa ga wadda za ta yi rabinsa. Yawancin tukwanen nan daga gefe suke ɗaukar zafi, shi ya sa ƙauri ke farawa daga jikin bango alhali tsakiya ba ta narke ba. Kuma Low ɗin ma in aka bar shi yana haura digiri 80, cakulan kuwa bai son ya wuce 50, fari ma 45 ya ishe shi. A minti 40 a leƙa. 'Ya'yan cakulan suna da ruɗi: za ki gan su zaune da siffarsu kamar ba su narke ba, ki danna da cokali ki ga sun baje. Da kin ga haka a kashe wuta, zafin kaskon cikin tukunyar zai ƙarasa.

Babban abokin gaban cakulan dai ruwa ne. Ɗigo biyu ko uku sun isa su jiƙa sukarin da ke ciki ya manne da juna, nan take ya dunƙule ya yi tsaki-tsaki, sheƙin ya ɓace. Gumin murfi ne ke jawo wannan. A shimfiɗa busasshen tawul mai tsabta a bakin tukunyar kafin a ɗora murfi, in za a buɗe a ɗaga su tare, a kai gefe. Cokalin katako yana riƙe laima, a yi da na ƙarfe ko na roba da aka goge tas.

Mai buɗe zance:
To in ya riga ya cure fa, zubarwa za a yi?

Mai sana'ar kayan maƙulashe, Kaduna:
A'a ƙanwata. In kauri kawai ya yi, man kwakwa ko man gyaɗa cokali ɗaya zai sake shi. Kada a sa bota, akwai ruwa a cikinta. In kuwa ruwa ne ya shige shi sosai, ba zai ƙara daskarewa da kyau ba. A zuba madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya koma ruwa-ruwa, a shafa wa kek ko burodi. Wanda ya ƙone ne ba shi da magani: a kwashe na tsakiya, kada a kankare gefe.

Uwargida, Kano:
Ni zancen zafin gari zan yi. Abin da aka yi a Disamba cikin hunturu daban yake da na Sallar da ta faɗo cikin bazara. Cakulan na ainihi da man koko ake yinsa, shi kuwa wajen digiri 34 yake narkewa, Kano a Afrilu tana haura 40. Kafin yaro ya kai baki ya zube masa a hannu. A shagon kayan kek a tambayi compound, wanda aka yi da man ƙwarar manja ko wani man tsirrai. Ya fi jure zafi, kuma yana daskarewa da kansa ba sai an bi dogon tsarin sanyaya shi ba. Ɗanɗanonsa bai kai na ainihi ba, gaskiya ce, shi ya sa nake haɗawa: compound giram 500, baƙin cakulan na ainihi 200, gyaɗa 500, wato kusan gwangwanin madara biyar.

Gyaɗar ma a kula da ita. A tsince ruɓaɓɓu da masu hunhuna, guda ɗaya mai ɗaci tana ɓata alawa. A soya da yashi har cikinta ya yi ja-ja, a murje, a sheƙe jan ɓawon, a tankaɗe don yashi. In an jiƙa ta da ruwan gishiri kafin suya, a tabbata ta bushe ƙarau, ta huce.

'Yar'uwa daga Maraɗi:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan compound. Ƙari na kan firij ne. Minti 20 sun isa ta kama jikinta. In ta kwana a buɗe, aka fito da ita cikin zafi, raɓa za ta sauka a kanta, sukari ya narke ya bushe ya bar fari-fari kamar toka. Ana ci, ba ta lalace ba, kyan gani ne ya tafi. A sa a roba mai murfi, takarda tsakanin kowane layi, in an fito da robar a bar ta a rufe har ta saki sanyi. Haka tana kai mako biyu.

Riɗi soyayye da yankakken dabino suna shiga sosai. Kwakwa kuwa sai busasshiya, ɗanya ruwa ce. Kalar girki ta ruwa ma tana cure cakulan.

'Yar'uwa mazauniyar Amurka:
Masu sa a kawo musu tukunya daga nan su duba gindinta. Ta Amurka ta wuta mai ƙarfin volt 120 ce, ta gida 230, in aka jona kai tsaye za ta ƙone. A karanta bayan leda kuma: farar alawar nan mai laushi, marshmallow, da wasu ke ƙarawa sau da yawa da jelatin alade ake yinta, wasu cakulan kuma akwai giya a cikinsu. In rabo za a yi, a sanar cewa akwai gyaɗa, saboda yaran da jikinsu bai karɓarta.

Uwargida, Kano:
In an ɗauke wuta ana tsaka da yi, kada a buɗe murfi. Kaskon na riƙe zafi, in ya riga ya samu rabin awa sau da yawa yakan ƙarasa narkewa da kansa. In bai ƙarasa ba, a juye a busasshen kwanon silba, a ɗora kan tukunyar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, gindin kwanon kada ya taɓa ruwan, a juya har ya saki.