Musayar baituka: me ke riƙe mana ƙafa?

Ɗan Fagge
Salam 'yan uwa, yau ni zan buɗe fage. Maganar ita ce abin da ke cikin ƙirjin mutum yake hana shi motsi, ba tsadar fetur ba ba rashin wuta ba, waɗannan mun sha waƙe su har mun gaji. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "wa". Bismillah.

Na tuɓe kakin bautar ƙasa,
Dubu 77 ta daina zuwa.
Kawu ya ce in zo Kantin Kwari,
In koyi awon yadi da yankawa.
Na ce masa to, na kwana da to,
Da safe ƙafa ta ƙi takawa.
Ba ciwo ba ne, ba nisa ba ne,
Daga Fagge zuwa Kwari ba a hawa.
Tsoro nake ɗan ajinmu ya gifta,
Ya gan ni da dila ina saukewa.
Ya ɗau hotona ya watsa a guruf,
A ce digiri ya gama lalacewa.

'Yar Damagaram
Wa alaikassalam Yaya, wlh ka ban dariya ka kuma ban haushi lokaci guda, karɓi naka.

Yaya, guruf ɗin da kake jin tsoro,
Wa a cikinsu yake ciyarwa?
Ran da aljihu ya bushe ƙaf,
Sitika za su turo da gaisuwa.
Kunyar sata ita ce kunya,
Ta neman halali abar yarwa.
Mu nan Damagaram mai digirin lisans
Kabu-kabu yake ja ba ɓoyewa.
Ya kai fasinja ya karɓi dala,
Da dare ya kai wa iyali tsaraba da miya da komai da komai

yi haƙuri baitin ƙarshe ya ƙwace min, ku ɗauka na ce "da dare gidansa ana dafawa".

Sarkin Musu
Ni fa ban yarda ba, ku bari in faɗi gaskiya ko za a ce na ɓata wasa.

Kun tasa zuciya gaba da faɗa,
Alhali jari ne ke hanawa.
Shi yana da kawu a Kantin Kwari,
Nawa kawun sai addu'a da shafawa.
In za ku kawo min Ɗangote,
Da 1977 shekarar farawa,
Daga gidan Ɗantata rancen ya fito,
Ba daga wa'azin ƙarfafa gwiwa.
Ku ba ni kuɗi ku ga aiki yau,
Ku bar ni da zancen dagewa.

Baba na Tudun Wada
Sarkin Musu ɗana, rabin maganarka gaskiya ce kuma ba zan ƙaryata ta ba, jari babu shi a hannun yawancin yaranmu, wanda ya ce ba haka ba bai shiga unguwa ba. Amma tunda kai ka taɓo gidan Ɗantata da bakinka to sai ka koma ga mai gidan na farko. Alhassan a Bebeji aka haife shi 1877, mahaifinsa ya rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ta tafi Akara ta bar shi a hannun wata mata mai suna Tata, karatun allo ya yi irin na kowa, sannan ya bi fatake hanyar Gwanja ana ɗauko goro, sai daga baya da jirgin ƙasa ya iso Kano aka shiga cinikin gyaɗa ya zama abin da ya zama, har a 1929 ya kai wa bankin Turawa kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Ya rasu 1955. Kowa raƙuman yake tunawa, ba mai tuna tafiyar.

Ɗana tunda ka taɓo gidan,
Ka koma ga kaka wajen dubawa.
Maraya ne ya tashi a Bebeji,
Uwa na Akara, Tata ke kulawa.
Goro ya biyo a hanyar Gwanja,
Cikin zafin rana da dukan ruwa.
Ban ce kowa zai zam Ɗantata ba,
Rabo na Allah ne, Shi ke rabawa.
Amma ka leƙa Farm Centre da hantsi,
Ka ga yara suna kwancewa da ɗaurawa.
Wanda yau yake canja sikirin waya,
Da shara ya fara da aikowa.
Bai zo da sisi ba, hannu ya kawo,
Koyo ba ya buƙatar zubawa.
Mai jiran jari kafin ya koya,
In jarin ya zo sai cinyewa.

Maman 'Yan Biyu
Baba Allah ya ƙara girma, kun ce kunya kun ce jari, ni nawa daban ne kuma na san mata da yawa a nan irina ne sun yi shiru kawai. An cire ni daga makaranta aka min aure, kullum ina cewa zan koma, makarantar yaƙi da jahilci tana nan kusa da mu, hukumar ma tun 1980 zamanin Rimi aka kafa ta a Kano ta girme ni, maigida bai taɓa hana ni ba, ni ce dai da "sai gobe".

Na ce sai na yaye 'yan biyu,
Na yaye su, na ce sai bayan damuna ta wuce da shukawa.
Na ce sai bayan sallah babba,
Sallah ta zo ta yi komawa.
Wata murya ke ce min kin tsufa,
Kan da ya sha lissafin cefane ba ya ɗaukawa.
Ran da 'yata ta miƙo min aikin gida,
Na riƙe littafin ina juyawa.
Ta ce Umma karanta min nan,
A nan "sai gobe" ta yi mutuwa.
Yanzu ga ni a benci da allo gabana,
Kusa da wata Hajiya mai jikoki da yawa.

Baitukana dogaye ne na sani, ku yi min uzuri ɗaliba ce sabuwa.

'Yar Damagaram
Anti wlh kin gama da mu, tsayin baiti ba komai.

Anti ta shiga aji da goyo,
Yaya kai me kake jira da tsayuwa?

Sarkin Musu
Baba na ji, kuma har yanzu ina nan kan bakana cewa da jari da babu ba ɗaya ba ne, yaron Farm Centre ma in ya ƙware sai ya nemi kuɗin teburi da kayan aiki. Amma tunda abin haka ne ga shawara.

Ɗan Fagge in kai kunya kake ji,
Ni tawa ta daɗe da gudawa.
Turo min lambar kawun nan naka,
Gobe da asuba ni ke zuwa.
In ɗau dila in kuma ɗau hoto,
Da kaina zan yi ta watsawa.

Ɗan Fagge
Kai Sarkin Musu ashe duk musun nan gurbina kake hari, to ba ka isa ba.

Lambar kawu ba ta bayuwa,
Gurbin nan nawa ne, ba na sayarwa.
In kana so ka biyo ni Asabar,
Ya ce dilolin shadda na isowa.
Ka zo da tsohuwar riga kawai,
Ƙura ba ta san gayu ba, sai shafawa.

Sarkin Musu
Ƙarfe nawa? Kuma ka tambayar min shi ko abincin rana a kansa yake.