Kubwa: wane irin gari ne, kuma ina ya fi dacewa a kama gida?

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ga wanda aiki zai kai Wuse, me ya kamata ya sani game da Kubwa? Ya aka yi garin ya kafu, kuma sayen fili a can akwai hatsari?

Malam Na-Bwari:
Wa alaikumus salam. Asali ƙauyen Gbagyi ne, a ƙaramar hukumar Bwari. Da aka fara gina Abuja bayan dokar 1976 da ta kafa birnin tarayya, nan gwamnati ta tsugunar da wasu ƙauyukan da ta tasa daga tsakiyar birni, shi ya sa har yau akwai unguwar Maitama da Kukwaba a cikin Kubwa. Da fadar gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, ƙananan ma'aikata suka kwararo saboda haya a cikin birni ta fi ƙarfinsu.

To fa Kubwa biyu ce. Akwai ɓangaren da aka tsara, irin su unguwannin FHA (gidajen hukumar gidaje ta tarayya) da Phase 4, mai kwalta da magudanai. Akwai kuma wanda ya tsiro da kansa wajen Byazhin, inda lungu sai keke ko acaɓa.

Hajiya Mai Gidaje:
Ɗan uwa, maganar fili ka buɗe kunne. A Abuja ministan birnin tarayya kaɗai ke ba da fili. Takardar sarkin ƙauye ba ta hana rusau, waɗanda suka ga zamanin da El-Rufai ke minista, 2003 zuwa 2007, sun shaida. Kafin ka ba da ko sisi, karɓi lambar fayil, ka sa lauya ya bincika a ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja, a gani ko sunan mai sayarwa ne a kai. Sannan mai awo ya tabbatar duwatsun iyaka sun yi daidai da taswira. Dillalin da ya ce "takarda tana hanya", tashi ka ba shi wuri.

In haya ce, je ka duba gidan da damina. Kalli gindin katanga: in ka ga shatin laka ya kai gwiwa, ruwa na shiga. Tambayi maƙwabta kuma ko famfo na kawowa, don kusanci da madatsar Usuma bai sa kowa ya huta da 'yan garuwa ba.

Direban Zuba:
Babban titin Kubwa zuwa cikin birni yana da faɗi, matsalar fitowa ce daga cikin gari. Ka bar gida kafin ƙarfe shida da rabi, in ba haka ba cunkoson Dutsen Alhaji da Gwarimpa ya cinye maka safiya. Mai zuwa Kaduna kuwa ga tashar jirgin ƙasa nan cikin Kubwa tun 2016.