Burauza tana neman kalmar sirri bayan an raba lodi

Tambaya daga Gombe: Assalamu alaikum. Tun da muka sanya na'urar raba lodi (mai rarraba buƙatun masu shiga) a gaban sabobinmu biyu (kwamfutocin da ke amsa buƙatun), burauza takan nemi kalmar sirri, alhali a da shiga ɗaya ta wadatar.

Amsa daga Bauchi: Malam, tikitin Kerberos (shaidar shiga da ke sa ba a sake neman kalmar sirri) yana bin sunan da aka rubuta a burauza, wato sunan da ke kai wa ga na'urar raba lodi, saboda haka sai a yi wa sunan rajistar SPN (sunan da Kerberos ke gane sabis da shi) a asusu ɗaya, sabobin biyu kuma su riƙe makullin sirri iri ɗaya na buɗe tikitin.

Amsa daga Azare: A duba agogon sabobin ma, domin saɓanin lokaci da ya wuce minti 5 yana sa a ƙi tikiti.

Mai tambaya: Na gode. Agogon ɗaya daga cikin sabobin ya koma baya tun ɗauke wutar jiya.